Shekarar da Na Zubar da Yashi

Jar gyada ce, ƙanana, kowace ƙwaya da ɗan farin zane a gefe kamar an ja mata alli. A tiren wata mata na gan ta a kasuwar Keffi makon jiya, ina kan hanyar rumfar masu manja, sai na tsaya cak har mai baro ya kusa kwashe mini ƙafa. Na ɗebi kaɗan na juya a tafin hannuna. Matar ta ce, "Madam, wannan na wajen Agwada ne, yana da mai sosai. Gyadar tsohuwa ake ce masa." Na ce wace tsohuwa? Ta ce ita ma ba ta sani ba, haka ta taso ta ji ana faɗa. Ni kuwa na san tsohuwar. Na san tukunyar da gyadar ta fito, na kuma san wadda ta fitar da ita, don ni ce.

A wani ɗan ƙauye na taso a bayan Agwada, inda mota ba ta shiga sai da rani. In ka ce in zaɓi lokaci ɗaya daga cikin shekara in ce shi ne yarintata, bazara zan zaɓa. Zafi yakan kai inda ko kaji sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Mangwaro na faɗuwa, ruwan yazawa na ɓata mana riguna, ɗorawa ta mayar da bakin kowane yaro rawaya. Manya kuwa ba su da aiki sai kallon gabas. Da yamma hadari zai haɗu, ya yi baƙi, ya yi rugugi, sannan iska ta watse shi, tsofaffi su yi tsaki su koma cikin gida.

A wannan lokacin ne labarai suka fi yawa a garin, kuma mutum ɗaya ne yake raba su. Mai shelarmu wani dattijo ne gajere mai kuge, in an sauko daga gona sai ya bi unguwa-unguwa yana bugawa. Daga bakinsa muke jin za a yi gayyar gyaran gada, ko akuyar wani ta ɓace, ko masu allurar yara za su zo, ko zumuntar mata za su fara koyon waƙoƙin Ista, ko liman ya ce a fito share filin idi. Yakan faɗa da Hausa, ya maimaita da yarenmu, a ƙarshe ya ƙara nasa ra'ayin da ba wanda ya tambaye shi. Amma akwai shela guda da ba ya yi wa ƙari. Idan ruwan farko ya sauka har ƙasa ta jiƙa tsawon ɗan yatsa, sai ya fito ya ce, "Jibi ranar ƙwarya." Daga haka ba ya cewa komai.

Bari in gaya maka abin da ni ba a gaya mini ba, don kada kanka ya ɗaure kamar yadda nawa ya ɗaure. Ranar ƙwarya rana ce ta tara irin shuka domin gidajen da irinsu ya ƙare. Kowane gida a garin, na masu zuwa coci da na masu zuwa masallaci, mai shi da marar shi, sai ya aika ƙwarya guda, an rufe ta da faifai an ɗaure da tsumma. Gidan da yake da rara ya cika tasa da iri: masara, dawa, wake, riɗi, gyada. Gidan da ba shi da abin shukawa ya cika tasa da yashi. Ana kai su wani ɗaki a bayan makarantar firamare, inda tsofaffin mata uku suke zama su rufe ƙofa: ungozomar garin, da shugabar zumuntar mata, da yayar liman. Da la'asar kowace ƙwarya ta koma gidansu a rufe. Wadda ta zo da yashi ta koma da iri, wadda ta zo da iri ta koma da yashi. Duk wanda ya zauna a bakin hanya yana kallo, abin da zai gani kawai shi ne yara mata sun wuce da kaya mai nauyi sun dawo da kaya mai nauyi. Ba zai san gidan da ya bayar ba, ba zai san gidan da ya karɓa ba.

Ƙananan yara mata ake ɗora wa ƙwaryar, waɗanda ba su gama wayo ba, kuma ba a gaya musu komai sai kalma uku: kar ki buɗe. In yarinya ta girma har ta fara gane bambancin motsin yashi da na masara a kanta, sai a sauke ta a ɗora wa ƙanwarta. Dukan dabarar a kan rashin sanin yaro aka gina ta. Na daɗe ina tunanin wannan, har yau ban yanke ko hikima ce ko ganganci ba.

Shekarar da aka fara ɗora mini, ita ce shekarar da rumbunmu ya ƙone. Wasu masu farautar ɓeraye suka sa wa daji wuta da rani, iska ta kawo ta har bayan gidanmu. Ba wanda ya ji rauni, amma hatsinmu da irin da Baba ya ware duk sun zama gawayi. Mun ci gaba da cin abinci, don 'yan uwa sun kawo abin da suka iya, ni kuwa tunda ina ganin tuwo a kwano ban ɗauka wani abu ya canja ba. Abu ɗaya ne wutar ba ta taɓa ba, wato 'yar tukunyar da Kaka, mahaifiyar Baba, take ajiyewa a ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai jar gyadar nan mai farin zane. Marigayi kakana ne ya zo da irinta daga wata tafiya tun kafin a haifi Baba, kuma a duk garin gidanmu kaɗai ke shuka ta. Kaka takan ba mutum soyayya ko dafaffa, har ta cika masa aljihu, amma ɗanya ko ƙwaya ɗaya ba ta fita. Mutane suna ce mata mai rowar iri, ita kuwa ko a jikinta.

Kaka doguwa ce, siririya, mai tafiya a miƙe kamar ba ta taɓa ɗaukar itace ba. Ba ta roƙo, ba ta aro, ko gishiri ya ƙare gara ta sha miyarta lami. Idonta ya fara rauni a lokacin, har ni nake zura mata zare a allura, wani lokaci kuma ta kira ni da sunan yayata da take makarantar kwana. Ka riƙe wannan, don shi ne rabin dalilina.

Da ruwan farko ya sauka, washegari muka kwashi shinge, garar nan mai fiffike, har muka gaji, sannan Kaka ta jawo tukunyarta ta fasa yumɓun da ta liƙe bakin da shi. Ni da ita muka zauna a inuwar mangwaro muka ɓare gyadar, tana mari hannuna duk sanda na kai ɗaya baki. Da muka gama ta mayar da ita cikin tukunyar, ta ce jibi in an gama da ƙwarya za a shuka ta a 'yar gonar bayan gida.

Ranar ƙwarya Kaka ta yi mini wanka da kanta, ta shafe ni da man kaɗanya, ta naɗa gammo ta ɗora mini kayan. Ta ce, "Kar ki buɗe. Kar ki tsaya wasa." Ta ɗauki tulunta ta nufi rafi. Baba yana gona yana huɗa, Mama ta tafi niƙa. Na fito ina taƙama, wuyana yana rawa don nauyi. Ban kai ƙarshen dangarmu ba gammon ya zame, na sauke ƙwaryar don in gyara, sai ga wani abu yana zubowa ta gefen faifan kamar gari. Na taɓa, na ji gurzum-gurzum a yatsana. Ba zan yi maka ƙarya in ce tsumman ne ya kwance da kansa ba. Ni na kwance shi.

Yashi ne, cike har baki, na bakin rafinmu mai ƙyalli. Na tona da hannu har ƙasa ko akwai wani abu a ɓoye, babu komai sai yashi. Na zauna daɓas a gindin yazawa, kaina ya ɗaure. Abin da na sani shi ne ana kai iri don taimakon waɗanda ba su da shi, wannan kam kowane yaro ya sani. To me ya kawo yashi? Da farko na ce idon Kaka ne, ta ɗebo daga inda bai kamata ba. Sai na tuna ko makaho ya san yashi a hannu. Sai wani tunani ya zo wanda ya fi wancan muni, na ce rowar nan da ake faɗa gaskiya ce, Kaka tana so ta yaudari tsofaffin. A ranar Lahadin da ta wuce malamin Sande sukul ya gama ja mana kunne cewa duk wanda ya yi ha'inci a baiko, ko mutum bai gani ba Allah ya gani. Na hango ungozoma tana buɗe ƙwaryarmu, na hango mai shela yana bin unguwa da kuge yana kiran gidanmu. Tsoro ya kama ni, da tausayin Kaka, da wani irin jin kai na cewa yau ni zan fitar da gidanmu kunya.

Na juye yashin a gindin yazawar, na baza shi da ƙafa. Na koma gida a guje, na shiga ɗakin Kaka, na jawo tukunyar. Gyadar ta cika ƙwaryar daidai kamar an auna. Na rufe, na ɗaure, har na yi ƙulli biyu yadda na ga tana yi. A hanya na ji kayan sun fi sauƙi, na ce wato haka gaskiya take, ba ta da nauyi. Ka ga wayon 'yar shekara takwas.

A ƙofar ɗakin, ungozoma ce take karɓa. Ita ta karɓi haihuwata, ta kuma san wutar da ta cinye rumbunmu, don ta zo jaje. Da ta sauke ƙwaryar daga kaina sai ta ɗan tsaya, ta gwada nauyinta a hannu biyu, ta dube ni.

"Wa ya ɗaura miki?"

"Kaka."

Ta shige da ita ta rufe ƙofa. Daga baya na gane ƙa'idarsu ce ba sa yi wa ƙwarya gardama. Abin da ta zo da shi, shi ne maganar gidan. In gida ya aiko da iri ka mayar masa da iri, ka ce masa matalauci ke nan, kuma ba wanda zai so ya faɗa wa Kaka haka. Wataƙila sun ɗauka dangin Mama na Panda sun aiko mana da abin shuka. Da la'asar aka ɗora mini ƙwaryarmu, ta yi nauyi kamar da safe, na kama hanya ina waƙa.

Na tarar da Kaka da Baba da Mama a tsakar gida. Baba ya dawo da wuri, ya wanke ƙafa, ya zauna a kan turmi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Kaka ta karɓi ƙwaryar ta shiga ɗaki, Baba da Mama suka bi ta, ni ma na laɓe a bakin ƙofa. Ta kwance ƙullin, ta ɗaga faifan, ta sa hannu. Ba ta fitar da hannun ba. Baba ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Sun dawo mana da shi," in ji Baba, yana duban Kaka. "Mama, sun dawo mana da yashinmu."

Ban taɓa ganin fuskar Kaka haka ba. Sau ɗaya a rayuwarta ta sauke kai ta nemi taimako, ga shi a ganinta an ƙi ta. Ni kuma a bakin ƙofa kaina ya ƙara ɗaurewa, don yashin da na zubar a gindin yazawa ne nake gani ya biyo ni gida. Har na fara tunanin ko aljanu ne. Can Kaka ta ce ba komai, gobe za a shuka ɗan abin da ake da shi. Ta durƙusa ta jawo tukunyarta, ta zo mata da sauƙi kamar ganga.

A nan na shigo. Wallahi da fara'a na shigo, don na ɗauka lokacin yabona ya yi. Na ce, "Kaka, kin yi kuskure kin zuba yashi, na gyara miki. Na kai musu gyadar."

Baba ya miƙe, hannunsa ya riga ya tashi. Kaka ta riƙe gefen rigarsa, ba ta ko dube shi ba. Ya ce bari ya je wajen ungozoma ya yi bayani, rana ba ta faɗi ba tukuna. Kaka ta ce ya zauna. Ta ce gyadar yanzu tana cikin ƙwaryar wasu, a cikin ɗakunan wasu, in ya je nemanta sai an buɗe asirin gidajen da suka kai yashi. In kuma aka ji yarinya ta buɗe ƙwarya a hanya, baɗi ba mai yarda ya aika tasa. "Abin da ya fita ya fita," in ji ta. "Ba wanda zai ji wannan magana a bakin ɗan gidan nan." Sannan ta juyo wajena. Na jira duka, na jira zagi. Ta ce in je in wanke ƙwaryar in kife ta.

Ka san abin da ya fi damuna? Ba wanda ya zauna ya yi mini bayani, har a ranar. Na kwana na tashi ban san laifina ba. Na kai abu mai kyau a maimakon marar kyau, an dawo mini da marar kyau, kuma kowa a gidan ya daina kallon idona. Na yi ta juya abin a raina har sai da yayata ta dawo hutu, ta ja ni bayan ɗaki ta warware mini, tana yi tana dungure mini kai.

Ruwa ya zauna, garin ya fita shuka, kunyoyin da Baba ya huɗa suna nan ciyawa tana hawa. Ya samo 'yar masara a wajen wani abokinsa wadda ba ta kai rabin gona ba. A ƙarshe ya ɗaure kayansa a buhu ya tafi Mararaba leburanci, ya ce zai yi mako uku ya dawo da iri da taki. Ya dawo bayan wata biyu, lokacin shuka ya wuce. Da lokacin girbi ya sake komawa. Shekara ta zagayo ya zo ya ɗauki Mama da ƙannena, ƙanensa ya karɓi gonar. Baba bai sake riƙe garma a matsayin manomi ba har ya rasu, kuma mutum ne da in yana maganar ƙasa sai ka ga idonsa ya yi haske. Bai taɓa ɗora mini laifi da baki ba. Da ya yi, ina jin da na fi samun sauƙi.

Amma abin bai tsaya a gidanmu ba. Kaka ba rowa kaɗai ta hana ta sa jar gyadarta a ƙwarya ba, ta san iri ne mai shaida. Tsofaffin nan uku sun raba ta gida uku, ko ba su lura ba ne a duhun ɗakin, ko sun lura sun rasa yadda za su yi, ban sani ba. Da aka zo cirar gyada aka baza ta a rana, yara suka fara ɓarewa, sai ga ja mai farin zane a gidajen da ba namu ba. Kafin mako ya ƙare, duk garin ya san gida ukun da suka kai yashi. Ɗaya gidan wata gwauruwa ce, wannan ba wanda ya yi mamaki. Ɗaya kuwa gidan wani dattijo ne da yake zama a kujerar gaba a kowane taro. Mutumin nan ya yi wata bai fito dandali ba.

Ita kuma Kaka sai yabo ya taso mata ta ko'ina. Aka ce ga matar da rumbunta ya ƙone, ta ɗauki abin da ya rage mata ta bayar. Mata suna tare ta a hanyar rafi suna durƙusawa. Hatta mai shela sai da ya karya ƙa'idarsa ya yi ƙari a kai. Kowane yabo in ya zo, sai in ga ta ƙara tsuke baki, ta dawo gida ta yi ta sharar inda ba datti. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma musa ba, don musawa na nufin ta ce yashi ta aika, ta kuma ce jikarta ta buɗe ƙwarya.

Wata safiya gwauruwar nan ta yi sallama a gidanmu da ƙwarya a kai, a buɗe, cike da jar gyada. Ta ratso tsakiyar gari da ita haka, kowa yana gani. Ta durƙusa ta ce, "Mama, irinki ne na dawo miki da shi. Ya ciyar da yarana." Na tabbata Kaka za ta ce a mayar. Sai ta kwance ɗankwalinta, ta shimfiɗa a kan ƙwaryar ta rufe ta ruf, sannan ta sa hannu ta karɓa. Ta ce, "Ba a yawo da ƙwarya a buɗe." Ranar ce kaɗai na ga furfurar Kaka a tsakar gida a gaban baƙo.

Da bazara ta zagayo, mai shela ya buga kuge ya ce jibi ranar ƙwarya, an kuma kai ƙwarya. Amma yayata ta ce ungozoma ta yi ƙorafin iri ya yi yawa, yashi ya yi kaɗan. Waɗanda suka fi bukata sun ji tsoro, gara su ɗebo ɗan abin da ba su da shi su aika a kan a gane su. Bayan 'yan shekaru aka daina gaba ɗaya. Wasu sun ce mutuwar ungozoma ce, wasu sun ce zamani ne, tunda 'yan garin da suke aiki a Abuja sun kafa ƙungiya sun fara lonchin da kanofi da lasifika. Kila haka ne. Kila ko ban kwance tsumman nan ba da abin ya mutu da kansa. Na gaya wa kaina haka sau da yawa, wani lokaci in yarda.

Ga wani abin da ya ƙara rikita ni. Barin gonar da Baba ya yi, shi ya sa aka kawo ni Keffi wajen gwaggona, na yi makaranta har na zama malama. Da an shuka gonar nan a waccan shekarar, wataƙila da yanzu ina can ina ɓarar gyada a inuwar mangwaro, kuma ban san ko da na fi haka jin daɗi ba. Duk abin da nake da shi yau a gidana na Angwan Iya, nan Keffi, in na bi sawunsa, gindin yazawar nan yake kai ni. To in yi godiya ne ko in yi kuka? Kaka ta rasu ban tambaye ta ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Abin da kawai na lura, duk lokacin da na je hutu takan cika mini leda da gyadar, ɗanya.

Yanzu ba mai shela. Labarin garinmu a waya yake zuwa, cikin gurup ɗin 'yan ƙungiya, tsakanin gaisuwar safe da hotunan biki. Makon da na ga gyadar nan a kasuwa, a makon ne aka sa sanarwar taron bana na Litinin ɗin Ista. Za a tara gudummawa a raba wa gwauraye iri da taki, an jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, an ce kowace ta zo da ankon zumunta don za a ɗauki hoto. A ƙasa aka rubuta cewa an sadaukar da taron ga Kaka, uwar bayarwa, kuma jikarta malama za ta yi jawabi.

Na kira ciyaman, wanda tare muka kwashi shinge muna yara. Na ce zan zo, amma a cire sunayen, a kuma bar hoton. Ya yi dariya ya ce, "Anti, in ba hoto 'yan Abuja ba za su yarda an raba ba. Kin san yadda mutane suke yanzu." Na buɗe baki in yi masa faɗa, sai na rasa ta inda zan fara, don ba ƙarya ya yi ba. Kuma wa ya fara buɗe ƙwarya a garin nan? Har yanzu ban rubuta jawabin ba. In na faɗi gaskiya na karya umarnin Kaka, na kuma gaya wa duniya ta taɓa aika yashi. In na yi shiru na tsaya a gaban lasifika na karɓar mata yabon da ta ƙi jini har ta mutu.

Na dai sayi mudu guda a wajen matar nan. Da na dawo gida na rasa inda zan zuba, sai na sauko da wata tsohuwar ƙwarya daga saman kabad, na juye, na rufe da faifai, ban ma san na yi ƙulli biyu ba. Autata ta dawo daga makaranta, shekarunta takwas, ta gan ta a kan tebur ta kai hannu. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ji muryar Kaka ta fito daga maƙogwarona: "Kar ki buɗe."

Ta janye hannun, ta tsaya tana kallona da idon da na sani, idon yaron da aka ba umarni aka hana shi dalili. Na jawo kujera na ce ta zauna. Na tura mata ƙwaryar gabanta na ce ta kwance da kanta, sannan na fara mata daga ranar da rumbunmu ya ƙone.